Kafin Ka Ɗora Sifana a Kan Tsohon Keke

Keken da na fara tayarwa daga kwance na mahaifina ne, Allah ya jiƙansa. Baƙin Raleigh ne mai birkin sanda, da tambarin zalɓe a wuyansa. Ya fi shekara goma jingine da bango bayan rasuwarsa: tayoyi sun tsattsage, sirdi ya ƙandare, sarƙa ta sandare har ana iya ɗaga ta a miƙe. Wata huɗu na yi ina fama da shi. Daga baya na gyara wasu guda shida, kuma duk sun koya mini abu ɗaya: kowane tsohon keke da nasa ma'aunin, kuma kayan da ya zo da su daga masana'anta sun fi duk wanda za ka sayo yau dacewa da shi. Saboda haka kada ka jefar da komai, kada kuma ka sayi komai sai ka auna.

Ranar farko ba ranar kwancewa ba ce. Samo ruwa da sabulu da tsohon buroshin haƙori ka wanke shi, sannan ka ɗauki hotonsa da waya ta kowace kusurwa, musamman yadda sandunan birki suka sarƙu da juna da yadda washa-washa, wato faya-fayan ƙarfen da ake sawa ƙarƙashin noti, suka jeru a kan sandar ƙafar baya. Bayan mako uku ba za ka tuna ba. Daga nan ka duba gangar jikin. Shafa yatsa a ƙarƙashin bututun nan biyu da suka haɗu da wuyan keke. In ka ji tudu ko ka ga fenti ya yamutse a wurin, keken ya taɓa yin karo ta gaba. Tsaya a gefe ka kalli fok, wato ƙarfen nan mai reshe biyu da ke riƙe ƙafar gaba, ya kamata rabinsa na sama ya bi layi ɗaya da wuyan, kada ya ja baya. Sannan ka ɗaura zare a inda ƙafar baya ke zama, ka zagayo da shi ta wuyan keke, ka dawo da shi ɗaya gefen. Auna tazarar zaren da bututun sirdi hagu da dama. In sun yi daidai, jikin a miƙe yake. Tsatsar da ke kan fata ba ta tsorata ni, amma wadda ta huda ƙarfe har tsinin sukudireba ke shiga, wannan keken sai dai a ciri kayansa.

Sai shekaru. In keken mai giya uku ne a cikin hob, wato cibiyar ƙafa inda sifoko ke haɗuwa, goge hob ɗin baya da tsumma. Kamfanin Sturmey-Archer na buga shekara da wata a jikinsa. Na mahaifina na ɗauke da AW, sunan samfurin hob ɗin, a ƙarƙashi kuma 62 da 7, wato watan Yuli na 1962. Na daɗe tsugune ina kallon lambobin nan, domin sun girme ni. Sanin ƙasar da aka ƙera keke da zamaninsa ne zai gaya maka irin zaren notinsa, wanda makanikai ke kira tiredi, kuma a nan mafi yawan ɓarna take faruwa.

Bari in tsaya a kan wannan, don a nan na yi kuskuren da har yau yake mini ciwo. Gidan boris na tsakiya, inda sandar feda ke juyawa, yana da kofi biyu da ake murɗawa cikin jikin keke. Yawancin kekunan Ingila, da kusan duk na zamani masu tiredi, zare 24 ne a kowane inci. Tsofaffin Raleigh da aka ƙera a masana'antarsu ta Nottingham kuwa zare 26 suke da shi, a tsakiya da kuma a wuya. Faɗin bakin kusan ɗaya ne, ido ba ya rabe su. Kofin hagu na keken mahaifina ya ɗan ci, sai na sayo sabo. Ya shiga zagaye biyu lafiya lau, a na uku ya cije. Na ɗauka tsatsa ce, na ƙara ƙarfi da sifana. Da na fito da shi sai ga ɓarɓashin ƙarfe yana ƙyalli a bakin ramin, na cinye zaren farko-farko. Wani dattijo mai gyaran keke ne ya cece ni. Ya sa na koma na tono tsohon kofin daga cikin tarkacen da na tara don zubarwa, ya shafa masa mai, ya riƙa murɗa shi rabin zagaye gaba, rabi baya, har zaren ya dawo hanya. Da na riga na zubar da kofin nan, da aikin ya tsaya. Kama da wane ba ta wane. Duk abin da ya ƙi shiga da yatsu zagaye uku ko huɗu, fito da shi ka sake dubawa.

Kekunan Faransa irin su tsofaffin Peugeot nasu kofin tsakiyan ma daban ne, faɗinsa milimita 35 da zare ɗaya a kowace milimita, na Italiya kuma milimita 36. A tsarin Ingila kofin dama zarensa na hagu ne, ta hannun agogo ake kwance shi, kuma in lafiyarsa ƙalau ni ba na taɓa shi, a wurin nake wanke shi. Fedar hagu ita ma zaren hagu gare ta. Notocin tsofaffin kekunan Ingila da yawa kuma ma'aunin Whitworth ne, wani tsohon ma'auni na inci, sifanar milimita tana zamewa ta cinye musu kai, don haka sifana mai daidaitawa mai kyau ta fi maka.

Kotafin shi ne abu na biyu da ke sa mutane kuka, wato ƙusar nan mai gefe ɗaya a fafe da ke riƙe hannun feda a kan sandarsa. Zuba masa man da ke ratsa tsatsa ya kwana. Washegari ka sassauta notin har ya yi daidai da bakin ƙusar, ka kafa guntun bututun ƙarfe daga ƙasa ya tallafi hannun fedar ta yadda kan ƙusar zai faɗa cikin ramin bututun, sannan ka ba shi duka ɗaya mai ƙarfi da guduma. Ƙananan duka ashirin lanƙwasa shi kawai suke yi. In babu tallafin nan, duk ƙarfin dukan a kan boris yake sauka. Na Ingila kaurinsa milimita 9.5 ne, na Faransa galibi 9. Wurin mayarwa, in kan na dama ya kalli sama, na hagu ya kalli ƙasa, in ba haka ba fedojin ba za su miƙe layi ɗaya ba. Guduma ce ke zaunar da shi, noti riƙewa kawai yake yi. In ka ce da noti za ka ja shi, zaren zai tsinke.

Shimfiɗa tsohon tawul a ƙasa kafin ka buɗe kowane gidan boris, don 'ya'yan a sake suke, kuma ka ƙirga su. A tsakiya 11 ne kowane gefe masu kwatan inci, a ƙafar gaba galibi 10 masu 3/16 na inci, a wuya ƙanana masu 5/32 na inci. Wanke kofi da kon, wato notin nan mai tsini da ke danne 'ya'yan boris, da kananzir, ka bi hanyar da boris ke bi da bakin biro. In ya zarce sumul, mayar da su. 'Ya'yan boris kam sababbi nake sawa gaba ɗaya, ba na gauraya tsoho da sabo, sai giris mai yawa. A ƙafar gaba ta tsohon Raleigh akwai kon ɗaya da ba ya motsi, wannan a dama yake zama. In ka ɗora ƙafar a juye, wannan kon ya koma hagu, ɗaya kon ɗin zai riƙa ɗaure kansa kana tafiya har ya matse boris.

Game da fenti, ra'ayina a fili yake: kada ka sake shi sai dole. Baƙin fentin da aka gasa a masana'anta, da siraran layukan zinariya da rubutun da ke kansa, in suka tafi sun tafi. Man goge mota da tsumma mai laushi sun fito da na mahaifina har ina ganin fuskata a madigadi. Inda ya kankare na goge tsatsar, na ɗiga baƙin fenti da ɗan ƙaramin buroshi, na bar sauran tabon yadda yake, har da wurin da gwiwar wandonsa ta side. Farin ƙarfe mai sheƙi na kan keke da rim kuwa, dunƙule takardar alminiyum ka tsoma a ruwa ka goga, tsatsar za ta tashi ba tare da ƙarzuwa ba. Sanfefa ba ta zuwa kusa da shi. Ƙananan notoci su kwana cikin ruwan khal, a ɗauraye, a shanya, a shafa mai nan take.

Yanzu taya. Lambar inci da ke jikin taya yaudara ce. Tayar da ake kira 28 iri biyu ce: ta tsofaffin kekuna masu birkin sanda, 28 x 1½, bakinta milimita 635 ne, ta zamani da ake kira 700C kuma 622, ita ma a wasu ƙasashen 28 ake rubuta mata. Ta 27 kuwa 630 ce, wato ta fi wata 28 ɗin girma. A ɓangaren 26 abin ya fi rikicewa: 26 x 1⅜ ta Ingila 590, ta tsofaffin Schwinn na Amurka mai wannan rubutun 597, ta keken hawan dutse 559. Ba wadda ke hawa rim ɗin wata. Nemi lambobi biyu masu ɗan layi a tsakani, kamar 40-635. Ta biyun ita ce gaskiyar magana, ita za ka faɗa wa mai sayarwa. In tsohuwar tayar ta ruɓe, yanko gefen da rubutun yake ka adana.

To ina ake samun kayan? Mafi albarkar hanya ita ce keke na biyu irin naka, wanda jikinsa ya karye ko ya ruɓe, a wurin masu tara tsofaffin ƙarafa. Daga irin wannan na samo kofin hagu mai zare 26, da sandar birkin baya, da ƙananan notocin da ba a ƙera su yanzu. Sai tsofaffin masu gyara, waɗanda suka shekara arba'in a sana'ar. Gwangwanayen da ke ƙarƙashin teburinsu taska ce, amma ka je da tsohon abin a hannunka a gwada a gabanka. Hanya ta uku kekunan Indiya da Sin ne, irin su Hero da Atlas da Phoenix da Flying Pigeon, waɗanda aka kwaikwayo daga kekunan Ingila. Tayarsu ta 635, da robar birki, da kotafin, da feda, sau da yawa suna hawa. Abin da ke da tiredin tsakiya ko na wuya ne ba na yarda da shi sai na gwada. In rim za ka saya, ƙirga ramukan hob tukuna, domin tsofaffin kekunan Ingila sifoko 32 ne a gaba, 40 a baya, ba 36 da aka saba gani ba. A intanet kuma kada ka saya da sunan keke kawai. Ka nemi mai kayan ya auna ya turo hoton ma'aunin a jikin abin, wanda ya ƙi ka bar masa kayansa. Kayan cikin hob ɗin AW ba su da wuyar samu, tun 1936 ake ƙera shi, kuma bayan da kamfanin SunRace na Taiwan ya sayi Sturmey-Archer a 2000 an ci gaba da yin giya uku.

Abin da ba na tsimi a kansa shi ne taya da tiyub da robar birki da wayar giya da sarƙa. Sarƙar irin wannan keken mai faɗin 1/8 na inci ce. Birkin sanda yana jan roba ne sama ta manne da cikin rim, don haka in ƙafar tana tsalle birkin zai riƙa kamawa yana saki. A daidaita sifoko kafin a taɓa birki. Ka kuma sani rim ɗin ƙarfe in ya jiƙe birkinsa rauni gare shi ƙwarai, a ruwan sama tun daga nesa ake fara kamawa. Sirdin fata irin na Brooks, in bai tsage a wurin ƙusoshinsa ba, zai dawo. Shafa masa man fata kaɗan-kaɗan ta sama da ta ƙasa, kwana da kwanaki. Kada ka tsoma shi cikin mai, kada kuma ka yi ta ɗaure notin hancinsa, busasshiyar fata yagewa take yi.

Hob ɗin giya na bari ƙarshe don yawanci ba ya bukatar a buɗe shi. Yana da ɗan murfi a jiki, buɗe ka zuba man inji marar kauri kamar cokalin shayi, ka juya ƙafar. Na mahaifina shiru yake da farko, bayan kwana biyu yana shan mai sai ya soma ƙaf-ƙaf-ƙaf ɗin nan da nake ji ina yaro a kan kariya. Saura daidaita waya. Sa giya ta biyu, ka leƙa ta ramin dogon notin da ke dama, inda 'yar sarƙar nan ke fitowa. Kafaɗar sandar da sarƙar ke ja ta yi daidai da bakin sandar ƙafar, ba ciki ba, ba waje ba. Kada ka yi wasa da wannan, domin tsohon AW yana da gurbi tsakanin giya ta biyu da ta uku inda feda ke juyawa a banza, kuma in ta zame kana tsaye a kanta faɗuwa ce. Ɗaure ƙaramin notin wayar, ka hau a fili marar motoci, ka gwada kowace giya a zaune kafin ka taka da ƙarfi. Bayan tafiyar mako guda ka sake buga kotafin, ka ƙara ɗaure notinsa, ka kuma sake leƙa ramin nan, don sabuwar waya tana ɗan saki.