Yadda Ake Jagorantar Karatun Shekarun Farko a Makarantar Koyon Likitanci

Wanda aka ɗora wa shugabancin tsangayar kimiyyar tushen likitanci a ɗaya daga cikin jami'o'inmu, ko a Zariya ne inda Jami'ar Ahmadu Bello ta fara horar da likitoci tun 1967, ko a Kano, ko Maiduguri, ko Sakkwato, an damƙa masa zango gajere mai nauyin gaske. Ɗalibi kan zo hannunsa bayan shekara guda ta share fage, ya yi kimanin wata 18 yana karatun anatomi, wato ilimin ginin jikin ɗan'adam, da fiziyoloji, wato yadda gaɓoɓin ke aiki, da bayokemistiri, wato sinadaran da rayuwa ke gudana a kansu, sannan ya zauna babbar jarrabawar da za ta ba shi izinin shiga asibiti. A ganina babban aikin shugaban shi ne ya sa waɗannan sassa uku su riƙa kallon mara lafiya guda ɗaya, kuma kayan aikinsa na haƙiƙa biyu ne, jadawalin darussa da takardar jarrabawa.

Ya fara da sanin abin da ake koyarwa a zahiri

Kafin ya kafa kwamiti ko ya sauya wa wani darasi suna, shugaba ya karɓi jadawalin kowane sashe ya shimfiɗa su a takarda ɗaya, mako bayan mako. Abin da takan nuna ba ya ɓoyuwa: sashen fiziyoloji ya gama bayanin aikin zuciya watanni kafin a buɗe ƙirjin gawa a ɗakin anatomi, ko kuma an koyar da sinadaran jini sau biyu a sassa biyu da kalmomi mabambanta, alhali ba wanda ya taɓo yadda ƙoda ke daidaita gishirin jiki sai gab da jarrabawa. Daga nan ya shiga aji ya zauna a baya, bayan ya sanar da malamin kuma ya nemi yardarsa, domin ya ji abin da ke isa kunnen ɗalibi. Sai ya tafi asibitin koyarwa ya tambayi likitocin yara da na mata da na tiyata tambaya guda: mene ne ɗalibai ke zuwa muku ba su sani ba, kuma mene ne suka haddace wanda ba ku taɓa buƙata ba? Amsoshin nan su ne jarinsa a duk taron da zai yi daga baya, domin shugaban sashe yana iya musanta ra'ayin abokin aikinsa, amma da wuya ya musanta abin da likitocin da ke karɓar ɗalibansa suka faɗa.

Rabuwar da zai tarar tana da tarihi, kuma sanin tarihin yana hana shi ɗora wa malamai laifin da ba nasu ba. A 1910 Abraham Flexner ya fitar da rahotonsa bayan ya zagaya makarantun likitanci 155 a Amurka da Kanada, ya tabbatar da tsarin shekarun kimiyya a gaba, shekarun asibiti a baya. Mu kuma mun gaji irin wannan rabo ta hannun Ingila, tun daga Ibadan a 1948. Tsarin ya yi amfani ƙwarai wajen kafa likitanci a kan kimiyya, sai dai ya bar kowane sashe da masarautarsa. Tun a 1952 Jami'ar Western Reserve da ke Amurka ta fara koyarwa bisa tsarin gaɓoɓi, inda malaman sassa dabam-dabam ke haɗuwa a kan zuciya ko huhu lokaci guda.

Haɗa darussa ba tare da rusa sassa ba

Kuskuren da masu zumuɗi ke yi shi ne su shelanta cewa daga baɗi babu sauran darasin sashe, sai haɗaɗɗiyar manhaja. Malamin da ya yi shekara 20 yana gina sashensa zai ji an zo ƙwace masa gida, kuma yana da hanyoyi da yawa na jan ƙafa. Matakin da ya fi aminci shi ne a bar wa kowane sashe darasinsa da makinsa, a daidaita lokaci kawai.

A nan akwai wani cikas da ya kamata shugaba ya fahimta sosai. Anatomi ana koyar da shi ne yanki yanki, hannu, ƙafa, ƙirji, ciki da ƙugu, sannan kai da wuya, saboda haka feɗe gawa ke tafiya, kuma ba a komawa a sake buɗe abin da aka riga aka yanka. Fiziyoloji kuwa tsari tsari yake bi, na jini, na numfashi, na narkar da abinci. Don haka jadawalin anatomi shi ne ginshiƙi, sauran su jingina da shi. Makonnin da ake kan hannu da ƙafa sun dace da aikin ƙwayar halitta, da jijiya da tsoka, da jini. Idan an shiga ƙirji, fiziyoloji ya ɗauki zuciya da numfashi, bayokemistiri ya ɗauki yadda jini ke dakon iskar oksijin da yadda jiki ke sarrafa kitse. Idan an sauka ciki, a haɗa narkar da abinci da aikin hanta da ƙoda da haihuwa. Kai da wuya su tafi tare da ƙwaƙwalwa da gaɓoɓin ji da gani. Ba za a sami daidaito cikakke ba, kuma kada a ɓata wata shida ana neman sa. Idan an dace da mafi yawan makonni, ɗalibi zai ga bambanci tun a zangon farko.

Bayan an daidaita lokaci, sai a rufe kowane babi da zama ɗaya a kan mara lafiya, inda malaman sassa uku da likita daga asibiti za su zauna tare a gaban aji. A nan ne nake ganin muna da arzikin da ba mu cin moriyarsa yadda ya kamata, domin cututtukan da ke ƙofar gidanmu sun fi kowane misali na littattafan waje koyar da kimiyyar tushe. Sikila ta isa ta koyar da ginin furotin gaba ɗaya, tun da sauyin sinadari guda a matsayi na 6 na sarƙar beta ta furotin ɗin da ke dakon iskar oksijin a cikin jini, inda valine ya maye gurbin glutamic acid, shi ne ke lanƙwasa ƙwayar jini har yaro ya kwana yana kukan ciwon ƙashi. Ruwan gishiri da sukari da ake ba mai kwalara yana aiki ne saboda hanji na shigar da sodiyam tare da gulukos ta ƙofa ɗaya wadda gubar kwalara ba ta rufe ta, kuma ɗalibin da ya gane wannan ba zai manta da aikin hanji ba. Gubar dalma da ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan haƙar zinare na Zamfara a 2010 tana bayyana matakan haɗa sinadarin jan jini, domin dalma na toshe wasu daga cikinsu. Saran kububuwa, wanda asibitin Kaltungo ya shahara da jinyarsa, darasi ne a kan daskarewar jini. Yoyon fitsari da ke biyo bayan doguwar naƙuda yana sa anatomin ƙugu ya daina zama jerin sunaye. Ko azumin watan Ramadan, wanda yawancin ɗalibanmu ke yi da jikinsu, ya isa ya koyar da yadda hanta ke sakin sukarin da ta ajiye, sannan ta koma ƙera sabo. Sabuwar manhajar da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar a Disamban 2022 ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta tsara da kanta, kuma wannan sarari ne da ya dace a zuba irin waɗannan darussa.

Duk abin da aka ƙara, dole a rage wani. Wannan shi ne ɓangaren da ya fi ɗaci, kuma shugaba ne kaɗai zai iya ɗaukar nauyinsa. Ya nemi kowane sashe ya raba darussansa gida uku, abin da likita ba zai yi aiki ba sai da shi, abin da ya kyautu ya sani, da abin da ya fi dacewa da mai digiri na biyu, sannan a cire kashi na uku daga jarrabawa a rubuce.

Za a zo masa da shawarar tsarin koyo ta hanyar warware matsala a ƙananan rukunai, wanda Jami'ar McMaster ta Kanada ta fara a 1969. Tsari ne mai kyau, amma ya tuna cewa McMaster da ɗalibai 20 ta fara. Ajin mutum 200 yana buƙatar ɗakuna 20 da malamai 20 da aka horar, a sa'a ɗaya, kowane mako. Idan babu su, a raba ajin ƙungiya ƙungiya a cikin babban zaure, a ba su labarin mara lafiya tun kwana biyu kafin zama, malamai biyu ko uku su riƙa zagayawa.

Jarrabawa ita ce manhajar da ɗalibi ya yarda da ita

Ɗalibi ba ya karanta kundin manhaja, tsofaffin tambayoyi yake karantawa. Idan an yi wata shida ana haɗa darussa a aji, sannan jarrabawa ta zo tana neman a lissafo rassan jijiya kamar yadda aka saba, aikin ya tashi a banza. Saboda haka shugaba ya sa a zana taswirar jarrabawa kafin a rubuta tambaya ko ɗaya, wato tebur mai nuna yawan makin da kowane babi zai samu gwargwadon muhimmancinsa, da yawan tambayoyin da za su gwada fahimta maimakon hadda. Kowace tambaya ta bi ta hannun malamai aƙalla biyu, ɗaya daga wani sashe. Bayan an yi maki, a duba tambayoyin da kusan kowa ya faɗi, da waɗanda haziƙai suka faɗi raunana suka ci, domin sau da yawa laifin na tambayar ne ko na koyarwar.

Makin cin jarrabawar likitanci a wurinmu 50 ne cikin 100, amma 50 a takarda mai tsanani ba daidai take da 50 a mai sauƙi ba, shi ya sa ya kamata malamai su zauna tun kafin jarrabawa su kimanta abin da ɗalibi mai ƙwarewa daidai gwargwado zai iya amsawa a kowace tambaya. Jarrabawar baki ta fi kowace buƙatar sa ido, domin a nan ne sa'a da son rai ke shigowa: a tanadi tambayoyi iri ɗaya a kan kati, masu jarrabawa su zama biyu, kowa ya rubuta makinsa kafin su tattauna. Rahoton mai jarrabawa na waje kuma, wato malamin da ake gayyatowa daga wata jami'a ya duba jarrabawar, a karanta shi a taron tsangaya, a rubuta abin da aka yi da kowace shawara.

Kada a jira babbar jarrabawa kafin a san wanda ke nitsewa. Sakamakon gwajin farko da na biyu ya isa a gane su, kuma idan aka kira su aka zauna da su, akan tarar dalilan sun bambanta: wani Turancin littattafan ne ya yi masa nauyi, wani hanyar hadda da ta fisshe shi a sakandare ce ta gaza, wata kuwa rashin kuɗin abinci ne ko damuwar da take ɓoyewa. Maganinsu ba ɗaya ba ne, kuma a watan uku ana iya ceto wanda ba zai cetu ba a wata na 17.

Malamai, adadin ɗalibai da ɗakin gawa

Sassan nan suna da malamai iri biyu, masana kimiyya masu digirin digirgir da likitocin da suka zaɓi koyarwa, kuma bambancin albashi da na girma yakan haifar da tsama a tsakaninsu. Shugaba ba shi da ikon gyara albashi, amma yana da ikon haɗa su biyu biyu a kan darasi ɗaya, da tabbatar da cewa aikin tsara manhaja da kula da ɗalibai ya shiga takardar ƙarin girma, ba maƙalun bincike kaɗai ba. Ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje su ma a sa su a taron tsara jadawali, tun da su suka san na'urorin hangen ƙwayoyin halitta nawa ne ke aiki.

Hukumar Kula da Likitoci da Likitocin Haƙori ta Najeriya tana ƙayyade wa kowace makaranta adadin ɗaliban da za ta ɗauka, tana kuma yi musu rajista. Matsin lambar a wuce adadin yakan zo daga sama, kuma shugaba ya ƙi amincewa a rubuce, yana kawo lissafin tebura da gawawwaki da malamai, domin ɗaliban da aka ɗauka fiye da ƙa'ida su ne ke shan wahala a ƙarshe. Yajin aikin malaman jami'o'i na wata 8 a 2022 ya nuna yadda aji biyu ke iya cunkushewa a zango ɗaya, don haka ya kyautu a sami rubutaccen shiri na raba lokutan ɗakin gwaji tun kafin buƙata ta taso.

Ɗakin gawa amana ce ta musamman. Dokar anatomi ta 1933 ita ce tushen izinin wannan aiki, kuma wajibi ne kowace gawa ta shigo da takardun da suka halatta ta, da lambarta a littafi. A ranar farko shugaba da kansa ya tsaya gaban ɗalibai ya yi musu bayanin alfarmar mamaci, ya haramta ɗaukar hoto da wasa, ya saurari masu damuwa ta fuskar addini ba tare da raina su ba, ya kuma tabbatar musu cewa idan an gama za a tattara sassan kowace gawa a binne ta cikin mutunci. Sinadarin fomalin da ake adana gawa da shi yana ƙona ido da maƙogwaro, kuma hukumar binciken cutar kansa ta duniya ta sa shi cikin masu haddasa cutar tun 2004, saboda haka a zafin Afrilu na Sakkwato ko Maiduguri, fankokin zuƙe iska da safar hannu da wutar sola su ne farkon abin da zai nema a kasafin kuɗi ko a tallafin TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu.

Wa'adin shugaban tsangaya a yawancin jami'o'inmu shekara 2 ne, akan sabunta shi sau ɗaya, kuma aji guda ne kawai ko biyu za su kammala zangon a idonsa. Don haka duk sauyin da aka amince da shi ya bi ta hukumar tsangaya har zuwa majalisar malaman jami'a domin ya zama doka, kuma kwamitin manhaja ya ƙunshi matasan malamai da wakilan ɗalibai. Wanda zai gaje shi ya tarar da haɗaɗɗen jadawali, da taswirar jarrabawa, da rumbun tambayoyi tare da bayanin yadda kowace ta yi, da rahotannin masu jarrabawa na waje, da littafin ɗakin gawa, duk a ofishin tsangaya, tare da kwafi a hannun sakataren kwalejin likitanci.