Masu katin NVIDIA a Ubuntu, ga shawara

Jama'a, in katinku na hoto (graphics card) AMD ne ko Intel, ku huta, direbansa, wato manhajar da ke sa shi aiki, na cikin Linux tun asali. NVIDIA ce mai wahalarwa. Kada ku sauko da fayil ɗin .run daga shafinsu, sabunta kernel (ƙashin bayan Linux) kan karya shi. Ku buɗe tamina (Terminal, wurin rubuta umarni) ku rubuta sudo ubuntu-drivers install, zai zaɓo wanda ya dace.

In Secure Boot (tsaron da ke tantance manhaja lokacin kunna kwamfuta) na kunne, yana iya neman ku saka sabuwar kalmar sirri. In ya nema, bayan kun sake kunnawa shuɗin allo zai fito, ku zaɓi Enroll MOK (amincewa da makullin direban) ku shigar da ita. In kuka tsallake, direban ba zai tashi ba. Ku cika batir tukuna, kun san halin wutar Sakkwato. In kun gama, sai ku rubuta nvidia-smi a tamina ku ga ko direban na aiki.