Yadda Ake Raba Gardama A Zauren Masu Doguwar Jinya Ba Tare Da An Rasa Mai Ciwo Ba

Na ga mutane da dama sun buɗe zauren WhatsApp ko na Facebook don masu fama da ciwon da ba a rabuwa da shi, irin su sikila, ciwon suga, ciwon ƙoda da amosanin gaɓɓai. Wata biyu na farko babu abin da kake gani sai "sannu" da "Allah ya ƙara sauƙi". A wata na uku wani zai turo saƙon murya na minti bakwai yana cewa ya ajiye magungunan asibiti kuma ya samu lafiya, wani ya kira shi maƙaryaci, kafin gari ya waye mutum goma sun fice. Ba zan tsaya kan yadda ake buɗe zaure ko a raɗa masa suna ba, wannan kowa ya iya. Daren da gardama ta fara ɓarkewa shi ne ke kayar da sabon mai kula da zaure, kuma ni ma ya taɓa kayar da ni.

Mataki na farko: kafin ka taɓa waya, gane wace irin gardama ce

Karanta saƙonnin tun daga inda maganar ta tashi, ka saurari saƙonnin muryar har ƙarshe ko da za su cinye maka data. Abin da kake nema shi ne a kan me ake jayayya. Wani lokaci ciwon mutum ake shakka: "Anya kuwa? Jiya fa na ga hotonki kina dariya." Wani lokaci magani ake saɓani a kai, wanda ya karɓi wannan bai karɓi wancan ba. Wani lokaci kuma shawara ce aka bayar wadda idan wani ya bi ta zai iya mutuwa. Kowace da irin hannun da take so. Sabon mai kula da zaure yakan jefa musu amsa ɗaya, "a yi haƙuri, duk 'yan uwa ne", ya koma barci. Wannan amsar ba ta taɓa kashe wuta a gabana ba, sai dai ta mayar da ita ƙarƙashin toka.

Mataki na biyu: shakkar ciwon mutum, a yanke ta nan take

A nan ba na sassauci, kuma ba na jiran a yi shawara. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mutumin da ya shigo zaure irin wannan, sau da yawa ya gaji da rashin yarda ne a gida, a wurin aiki, har a asibiti. Mai sikila da ya je ɗakin gaggawa yana murƙususu ya san yadda ake masa kallon mai neman allurar maye. Macen da ke fama da endometriosis, wato tsirowar nama mai kama da na cikin mahaifa a wajenta, ciwon da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana damun kusan kashi 10 cikin 100 na matan da ke shekarun haihuwa, tana iya shafe shekaru ana ce mata ciwon mara ne irin na kowace mace kafin a gano shi. Idan irin waɗannan suka zo wurin 'yan uwansu marasa lafiya suka sake jin "anya kuwa", to ina kuma za su je?

Goge saƙon, ka rubuta layi ɗaya a fili: "A nan ba ma tuhumar ciwon kowa." Sai ka bi wanda ya rubuta ta gefe. Yawanci ba mugu ba ne. Shi ma mai ciwo ne da yake ganin nasa ya fi tsanani kuma ba a kula shi ba. Tambaye shi jikinsa kafin ka yi masa maganar abin da ya rubuta.

Mataki na uku: wanda ya ce "na sha kaza na warke"

Nan ne na yi tuntuɓe, don haka zan daɗe a kai.

Akwai wata baiwar Allah a zaurenmu mai ciwon lupus, wanda garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi jikin da kansa, tana kan maganin rage kumburi mai suna prednisolone. Wani dare wajen ƙarfe goma sha ɗaya ta turo hoton hannunta, yatsun da muka saba gani a kumbure sun saɓe har zobe ya shiga. Ta ce mako uku ke nan tana shan wani haɗin ganye, kuma ba ta taɓa jin daɗin jikinta haka ba. Ni kuwa a ranar gwiwoyina sun hana ni sakat, raina a ɓace yake. Na rubuta mata a gaban mutum sama da ɗari cewa wannan shirme ne, na jero mata bayanai, na ce kada ta ɓatar da mutane. Wasu suka biyo baya da hotunan dariya. Ba ta ce uffan ba. Da safe na ga ta fita daga zauren, na ce a raina an rage matsala. Bayan kamar wata biyu ƙanwarta ta rubuto mini cewa tana kwance a asibiti. Ta yanke prednisolone lokaci guda, abin da ba a yi, domin jikin da ya daɗe yana karɓar irin wannan magani yakan rage samar da nasa sinadarin, sai an janye shi a hankali da sanin likita. A cikinmu akwai aƙalla mutum goma da suka san wannan. Babu wanda ya gaya mata, saboda na riga na kore ta daga inda za ta ji.

Abin da na faɗa game da ganyen ba ƙarya ba ne. Amma abin da ta gani a hannunta ma ba ƙarya ba ne, kuma wannan ne ban gane ba a lokacin. Lupus, amosanin gaɓɓai, sikila da ire-irensu ciwo ne masu tashi su lafa. Mutum ba ya neman sabon magani sai ranar da ciwo ya kai maƙura, kuma daga maƙura sau da yawa sauƙi ne ke biyowa, ko an sha wani abu ko ba a sha ba. Duk abin da aka sha a wannan makon shi zai kwashi yabo. Ga kuma maganin asibitin da ake ci gaba da sha a gefe, wanda ba a ambatarsa a cikin labarin. Waɗanda suka sha ganyen bai yi musu komai ba kuwa, ba sa turo hoto. Saboda haka mai ba da shaida da zuciya ɗaya yake magana. Idan ka ce masa maƙaryaci, kai ne ka yi ƙarya a idonsa, kuma daga ranar ba zai sake sauraronka ba.

Yanzu ga yadda nake yi. Nakan fara da taya murna, kuma da gaske nake: "Alhamdulillahi, Hajiya, mun ji daɗin ganin hannun nan, Allah ya ɗorar da sauƙi." Sai tambaya a fili, cikin ladabi, wadda amsarta za ta amfani kowa: "Kina ci gaba da na asibitin kuwa? Likitanki ya san da wannan ɗin? An sake gwajin jini tun da kika fara?" Tambayoyin nan suna yin aikin da faɗa ba ya yi, domin duk mai karantawa zai ga inda labarin ke da giɓi ba tare da an ci mutuncin kowa ba. Daga nan sai layi ɗaya ga sauran jama'a: "Wannan labarin jikinta ne. Kada kowa ya rage ko ya daina maganinsa sai ya ga likitansa." Shi ke nan a fili. Sauran magana ta gefe ake yinta, kuma na fi son kira a kan rubutu, don murya tana ɗauke da tausayin da rubutu ba ya iya ɗauka.

A wannan kiran ne, bayan an gaisa an tambayi yara, nake yin tambayar da ta fi kowace muhimmanci: "Ya batun sayen maganin, ana samu?" Na lura da yawa daga masu cewa sun gano magani, aljihu ne ya fara gazawa. Da mutum ya ce ba shi da kuɗin magani gara ya ce ya samu wanda ya fi shi. Doguwar jinya rijiya ce mai cin kuɗi a ko'ina a duniya. Maganin gyaran ƙwayar halitta na sikila mai suna Casgevy, da Amurka ta amince da shi a Disambar 2023, dala miliyan 2.2 aka sa masa. Wanda ya ji wannan sannan aka nuna masa kwalba mai araha aka ce ita ma tana warkarwa, ba wauta ce ta ja shi ba. Ƙanwar matar nan ta gaya mini daga baya cewa kuɗin zuwa ganin likita da na gwaji ne suka gagare su.

Akwai wuri ɗaya da ba na bin wannan lallami: idan an ce a daina abin da rai ya rataya a kansa. Mai ciwon suga nau'i na ɗaya da ya bar allurar insulin zai iya shiga mawuyacin hali cikin kwana ɗaya ko biyu. Haka mai wankin ƙoda, haka mai shan maganin farfaɗiya, haka wanda aka yi wa dashen ƙoda yana shan maganin hana jiki ƙin ta. Irin wannan saƙon ina goge shi a take, in faɗi dalili a fili, sannan in kira mai shi. Wanda ya ce "ai ganye ne, ba ya cutarwa", ina ba shi labarin Beljiyam: a farkon shekarun 1990 mata sama da 100 suka samu lalacewar ƙoda bayan shan haɗin rage ƙiba da ke ɗauke da wani tsiro mai suna Aristolochia, da yawa sai da aka kai ga wankin ƙoda ko dashe.

Mataki na huɗu: mai shakkar likitoci, kada ka rufe masa baki

Wasu masu kula da zaure da zarar sun ƙone sau ɗaya sai su tsallaka ɗaya ɓangaren, duk wanda ya ce "likita bai gane ba" su kore shi. Wannan ma kuskure ne, don tarihi ba ya goyon bayan likitoci koyaushe. Shekara da shekaru ana cewa damuwa da abinci ne ke jawo gyambon ciki, har Barry Marshall na Ostireliya ya kurɓi ƙwayar cutar da yake zargin ita ke jawo shi da kansa a 1984 don ya nuna aikinta, shi da Robin Warren suka samu kyautar Nobel a 2005. Masu ciwon gajiya mai tsanani da ake kira ME sun daɗe suna cewa atisayen da ake ƙara musu mataki-mataki yana ƙara kwantar da su, sai a Oktoban 2021 hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta cire shi daga shawarwarinta. Sunan "doguwar korona" ma majinyata ne suka fara yaɗa shi a 2020 kafin hukumomi su karɓa.

To amma abin da ya tabbatar da waɗannan shi ne bincike da ƙidaya, don haka ka ja mai shakka zuwa can. Tambaye shi a ina ya ji, wa aka gwada a kansu, mutum nawa ne. Sau da yawa za ka tarar masu gardamar biyu kowa na riƙe da rabin gaskiya. Misali, rigimar "ciwon suga yana warkewa ko ba ya warkewa" ba ta ƙarewa a kowane zaure. Binciken DiRECT da aka yi a Birtaniya, wanda aka fitar a 2017, ya nuna kashi 46 cikin 100 na waɗanda suka bi tsarin rage ƙiba sukarinsu ya daidaita babu magani bayan shekara ɗaya, ya sauko zuwa 36 a shekara ta biyu. Sai dai masu nau'i na biyu ne, waɗanda ba su wuce shekara 6 da ciwon ba, kuma ba sa kan insulin. Da ka faɗi haka sai kowa ya gane shi a ina yake, gardamar ta mutu da kanta.

Mataki na biyar: 'yan kasuwa

Wanda ya shigo jiya, yau yana da maganin ciwo bakwai, kuma ya ce a same shi ta gefe, a cire shi. Ba gargaɗi, ba doguwar magana. Ka sanar da zaure cewa zai iya bin mutane ɗaya bayan ɗaya tunda ya riga ya ga lambobinsu.

Sauran gyare-gyare

Rubuta dokoki kaɗan ka maƙala a sama, huɗu sun isa, don babu mai karanta ashirin. Nemi mataimaki, zai fi kyau mai wani ciwo daban da naka, ku yi yarjejeniya cewa ranar da jikin ɗaya ya tashi ba ya yanke hukunci. Idan wuta ta kama da dare, rufe zauren zuwa safiya, ka faɗi ƙarfe nawa za ka buɗe, domin yawancin munanan saƙonni ciwo da rashin barci ne ke rubuta su. Hana ɗaukar hoton hirar zaure a kai waje. Idan akwai likita ko nas a cikinku, kada ku mayar da shi alƙalin kowace rigima, zai gudu. Wanda kuma ya fita cikin fushi, a bar shi kwana biyu ya huce, sannan wanda ba da shi aka yi faɗan ba ya kira shi ya tambayi jikinsa, ya kuma tambaye shi ko yana nan kan maganinsa.