Darasi na Bakwai: Aika Kaya Gida Daga Ƙasar Waje

Wanda ya je aikin Hajji ko Umara, ko ɗan kasuwar da ya je sarin kaya Dubai, yakan tarar ranar awo cewa tsarabarsa ta wuce nauyin da kamfanin jirgi ya yarje masa, kuma kuɗin da ake karɓa a kan kowane kilo na ƙari yana da tsada ƙwarai. Maimakon ya bar kayan a masauki, yana iya kai rarar gidan waya a aika masa gida.

Wannan yana yiwuwa ne domin kusan dukkan ƙasashe suna cikin Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya, wadda aka kafa a shekarar 1874, mai hedkwata a birnin Bern na ƙasar Suwizalan. Saboda haka kwalin da aka karɓa a Jidda ko Madina, hukumar gidan waya ta Najeriya, wato NIPOST, ce za ta miƙa shi a Kano ko Sakkwato, a Maraɗi ko Damagaram kuwa Niger Poste ce za ta miƙa.

A nemi kwali mai kauri, a sa kaya masu nauyi a ƙasa, a cike gurabe da jallabiya ko dardumar salla don kada kayan su riƙa motsi. Kada a liƙe bakin kwalin sai an je gidan waya, domin ma'aikaci yana iya cewa sai ya duba abin da ke ciki. Akwai abubuwan da ba a karɓa. Turaren fesawa, wanda alhazai suke so a tsaraba, yana cikinsu saboda yana kama wuta. Haka ma batirin cajin waya da ba a cikin na'ura yake ba. Kuɗi da zinariya kuwa, mai hankali ba ya sa su a kwali ko da an ce masa za a karɓa.

Wurin da ya fi buƙatar natsuwa shi ne rubutun adireshi, kuma a nan ne karatun da muke koyo yake da rana. A rubuta da manyan baƙaƙen boko, ba da ajami ba, domin ma'aikatan da kwalin zai bi ta hannunsu ba duka ne suke karanta ajami ba. Sunan mai karɓa ya zama daidai da wanda ke kan katin shaidarsa, ba laƙabin da ake kiransa da shi a unguwa ba, saboda da katin nan zai je karɓa. Sai lambar gida da sunan titi, sai gari da jiha, sai sunan ƙasa shi kaɗai a layin ƙarshe. Da yake gidaje da yawa a garuruwanmu ba su da lamba, lallai ne a ƙara lambar wayar mai karɓa, a fara da +234 idan Najeriya ce, ko +227 idan Nijar ce. A sake rubuta adireshin a wata takarda a jefa cikin kwalin, ko da na wajen zai goge.

Daga nan za a ba mai aikawa takardar kwastam. Ana kiran ƙaramar CN22, babbar kuma CN23, wadda ake cikewa idan kayan suna da nauyi ko tsada. A fayyace kowane abu da adadinsa da kuɗinsa na gaskiya, kamar dabino kilo 3 ko carbi 20. Rubuta “tsaraba” kawai ba ya gamsar da jami'in kwastam, rage farashi kuma yana jawo a tsare kayan, sa'annan idan sun ɓace, diyya ba za ta wuce abin da aka rubuta ba.

Bayan an auna an biya, a adana rasit. A jikinsa akwai lambar bibiya, wadda ake bin sawun kwalin da ita, mai alamomi 13: haruffa biyu, alƙaluma tara, sai haruffa biyu na ƙasar da aka aiko, wato SA idan daga Saudiyya ne. A tura hoton rasit ɗin ga na gida ta WhatsApp, a kuma sanar da shi cewa ana iya neman ya biya harajin kwastam kafin a ba shi kwalin.

Aikin aji: kowane ɗalibi ya zana kwali a littafinsa, ya rubuta cikakken adireshin gidansu a jiki, sa'annan ya jera kaya uku da adadinsu da kuɗinsu.