Darasi na 9: Abin Sha Mai Tsami da Maganin Shafa wa Haƙori

Duk wanda ya taɓa tsotsar tsamiya ya san abin nan da muke cewa haƙora sun mutu, ka ɗauko tuwo ma ka kasa taunawa. To ba wani abu ba ne, tsamin ne ya taɓa farin ɓawon da ya lulluɓe haƙori, likitoci na ce mishi inamel. A duk jikin ɗan Adam babu abin da ya kai shi ƙarfi, ko ƙashi bai kai ba, amma fa in ya zaizaye ya tafi kenan, ba ya sake tsirowa kamar farce ko gashi.

Akwai ma'aunin tsami da ake kira pH, in lamba ta yi ƙasa tsami ya yi yawa. Ruwan sha yana wajen 7. Ɓawon haƙori yana fara narkewa daga wajen 5.5, shi kuwa baƙin lemun kwalba yana kusan 2.5, kun ga ai abin ba kaɗan ba ne. Zoɓo, ruwan tsamiya, lemun tsami, duk suna cikin masu tsamin.

Ku duba mai ɗinki a Ƙofar Ƙaura lokacin zafin bazara, ya sayi zoɓo mai ƙanƙara ya aje gefen keke, ya kurɓa ya yi ɗinki, bayan minti goma ya sake kurɓa, tun hantsi har azahar gora ɗaya bata ƙare ba, shi a ganinshi tattali yake, alhali haƙoran nan a jiƙe suke cikin tsami wuni guda, yawun da Allah ya sa yana wanke baki yana maido ma haƙori ƙarfinshi bai samu sararin yin aikinshi ba. Gara ma ya shanye lokaci ɗaya ya kurkure baki da ruwa. Wata rana sai ya ji ruwan randa ma yana tsira mishi har ka, bakin haƙoran gaba ya yi siriri, kala ta koma rawaya-rawaya.

A nan maganin shafawa na fulorayid, wani sinadari da ke ƙara ma haƙori ƙarfi, yake shigowa. Tun shekarun 1960 aka fara shi a Jamus, wanda aka fi sani sunanshi Duraphat. Man goge baki na kanti yana da fulorayid kamar 1,000 zuwa 1,450 a ma'aunin ppm (wato kashi nawa ne cikin miliyan), wannan kuwa 22,600 ne, shi ya sa ba a gida ake shafawa ba, sai ma'aikacin haƙori. Zai share haƙoran da auduga su bushe, ya ɗibo ɗan kaɗan da wani ƙaramin buroshi ya shafa kamar mai fenti, da yawu ya taɓa shi sai ya manne. Ba allura, ba zafi, minti kaɗan an gama. Kuma dan Allah uwa, in kin ga haƙoran yaro sun yi ɗan rawaya a ranar kar ki ɗauko buroshi ki kankare, maganin ne. A bar abu mai zafi da mai tauri kamar awa huɗu, goge baki kuma sai washegari. Ana maimaitawa duk wata uku zuwa shida, yadda likita ya ga hali.

Gaskiya dai aikinshi ya fi ƙarfi wajen hana kogon haƙori, yana kuma rage tsirawar sanyi. Wajen tsami taimako yake, yana ƙara ma ɓawon juriya, amma wanda aka shafa mawa ya koma kurɓar lemu safe da yamma, maganin ba zai iya mishi ba.

Kuskuren da masu tsafta suka fi yi: su sha tsami su ɗauko aswaki nan take. A lokacin ɓawon ya yi laushi, gogawar ce ke ƙara cinye shi, a jira ko rabin awa zuwa awa ɗaya. Wannan ya shafi shan ruwa da azumi sosai, da ake buɗe baki da zoɓo ko kunun tsamiya.

Aikin gida: rubuta duk abin sha mai tsami da ka sha jiya da lokacin da ka sha. In ka je sashen haƙori na Asibitin Koyarwa na Tarayya nan Katsina, ko asibitin da ke kusa da kai, ka tambaya ko suna shafa fulorayid, da nawa ne kuɗinshi, ka zo aji da amsar.