Kurakuran da ke ɓata hoton tafiyar hawainiya a kyamarar fim

Yawancin hoton tafiyar hawainiya da ke lalacewa tun a wurin ɗauka yake lalacewa, sai a ɗora wa edita laifi. An ɗauki shigowar amarya da firam 25 a daƙiƙa (wato hotuna 25 da kyamara ke ɗauka a kowace daƙiƙa), an zo kan kwamfuta an ce a rage gudun da rabi. Firam ɗin da za su cike gurbin babu su, don haka hoton ke tsalle-tsalle. In an sa DaVinci Resolve, manhajar tace bidiyo, ya ƙirƙiro su, sai ka ga bakin mayafi da yatsu suna narkewa. Ka ɗauka da 50 ko 100 tun farko: a aikin da ke kan 25, na farko zai ba ka rabin gudu, na biyu kashi ɗaya cikin huɗu.

Sai batun shota, wato tsawon lokacin da haske ke shiga kyamara a kowane firam. Ka'idar ita ce ta ninka yawan firam: 1/50 ga 25, 1/200 ga 100. Abin da ake mantawa, daga 1/50 zuwa 1/200 hasken da ke shiga ya koma rubu'i. Da rana tsaka ba komai. Amma a cikin ɗaki, mai kyamara sai ya ɗaga ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, har hoton ya cika da yashi. Ƙaro fitila ya fi.

Wanda ya fi cin mutane a nan shi ne ƙyaftawar haske. Wutarmu a Najeriya da Nijar mai zagaye 50 ce a daƙiƙa, ta Amurka kuwa 60. Shi ya sa masu koyarwa a YouTube daga can suke ta cewa a ɗauka da firam 60 da 120, mu kuma mu kwafa ido rufe. Ka shiga ɗakin biki mai dogayen ƙwayaye da ƙananan LED masu arha da firam 120, za ka dawo da hoto mai ƙyafta ido, ko baƙaƙen layuka na bin bango. Firam 50 da shota 1/100 sun fi zama lafiya. Ko hakan ma ba tabbas in ƙaramin janareta ke ba da wuta, don gudunsa hawa da sauka yake yi. Ka ɗauki gwaji na 'yan daƙiƙu, ka kalle shi a gudun da zai fito, kafin a shigo da amarya.

Ka kuma san halin kyamararka. Blackmagic Pocket 4K tana yanke hoton in ta hau 120, gilashinka mai faɗi ya koma matsattse. Kyamarorin Sony a tsarinsu na rage gudu da ƙara shi mai suna S&Q ba sa naɗar sauti, sai ka tanadi rikoda daban.

Sauya gudu a tsakiyar ɗauka kuwa, kuskuren biyu ne. Na farko, ana yanka shi kwatsam daga sauri zuwa sanyi, alhali lanƙwasa layin gudun ake yi ya sauka a hankali, kuma a dace shi da wani motsi, kamar juyowar fuska ko lokacin da kuɗin liƙi suka bar hannu. Na biyu, ɓangaren da aka mayar gudun yau da kullum yana fitowa a bushe, yana karkarwa, saboda da 1/200 aka ɗauke shi. A nan sai edita ya ƙara masa ɗan dishi-dishin motsi, a wannan ɓangaren kaɗai.