Kurakuran da ke kashe tsohon injin sayar da lemo kafin a gama gyaransa

Na gaji da ganin tsofaffin injinan sayar da lemon kwalba suna isowa shagona bayan an riga an yi musu illa. Injin da ya shekara sittin ko saba'in yana jiran mai gyara, sai ya faɗa hannun mai zumuɗi, cikin mako guda a lalata abin da tsatsa ta kasa lalatawa. Ina nufin jajayen injinan nan na Amurka na wajen shekarun 1950, masu zagayayyun kafaɗu, waɗanda ake jefa wa tsabar kuɗi a zaro kwalba mai sanyi: Vendo 39, Vendo 44, Vendo 81, Cavalier 72 da danginsu. An kafa kamfanin Vendo a birnin Kansas a 1937, Cavalier kuwa a Chattanooga yake, cikin jihar Tennessee. Ba su da yawa a wajenmu. Ɗaiɗaiku ne ke shigowa cikin kwantenar kayan gwanjo, ko wani ya sayo don ya ƙawata gidan abincinsa ko falonsa. To tunda ba su da yawa, duk abin da ka ɓata a jikinsu ba za ka same shi a kasuwa ba, sai ka yi oda daga ƙetare da dala.

Babban kuskure, wanda ya fi kowanne tsada, shi ne a jona wa injin wuta ranar da aka sauke shi daga mota, wai don a ga ko yana aiki. Haba! An ƙera waɗannan injina ne don wutar Amurka, wato bolt 110 zuwa 120, mu kuwa tamu 230 ce. Ka soka filoginsa a soket ɗinmu, ka ba kwamfuresa ninkin abin da zai iya ɗauka. Wannan ya faru a shagona. Na fita sallar azahar, yaron da ke koyon aiki a wurina ya ga filogin bai dace da soket ba, sai ya yanke shi ya zura tsirarun wayoyi. Da na dawo warin ƙonanniyar waya ne ya tarbe ni tun daga bakin ƙofa. Kwamfuresan asali ne, wanda ya fito da shi daga masana'anta, fankokinsa biyu su ma sun tafi. Daga aljihuna na biya, kuma har yau mai injin in ya gan ni gaisuwarsa a daƙile take. Yaron da na tambaye shi cewa ya yi, "Oga, ai na ɗauka firij ne kamar kowane firij." Ba firij ba ne kamar kowane firij.

Ko da ka sayo taransifoma mai rage wuta, da sauran magana. Taransifoma ƙarfin wuta yake ragewa, ba ya canza bugunta. Wutar Amurka tana bugawa sau 60 a daƙiƙa, tamu sau 50, saboda haka motar kwamfuresan za ta riƙa juyawa a hankali da kusan kashi ɗaya cikin shida, sanyi ya ragu, zafin motar ya ƙaru. Ni abin da nake yi, ina saita wutar ta ɗan yi ƙasa da bolt 115, wajen 100 zuwa 105, sannan in sa hannu in riƙa jin zafin tukunyar a ranakun farko. Wasu masu gyara ba su yarda da ni ba a nan, sun ce wahalar banza ce. Su suka sani. Sannan kada ka sayo ƙaramin taransifoman da ake jona wa rediyo ko injin aski. Lokacin tashi kwamfuresa yana jan wuta ninki-ba-ninki na abin da yake ci in ya daidaita, don haka nemi babba, mai ƙarfin da ya ninka abin da aka rubuta a farantin injin sau uku ko fiye.

Kafin ma a zo maganar wuta, a duba wayarin. Robar da ke jikin wayoyin ta bushe, kana lanƙwasa ta sai ta ruguje, kuma da yawa daga cikin injinan nan filoginsu mai baki biyu ne, babu wayar atin. Akwatin ƙarfe ne mai jiƙewa da raɓa, yara za su taɓa shi da jiƙaƙƙen hannu. Ni duk wayoyin nake sauyawa, in ɗaure atin a jikin ƙarfen. In kuma a kwance aka ɗauko shi a mota, a bar shi a tsaye kwana guda cur, man kwamfuresa ya koma mazauninsa.

Sai maganar gas. Waɗannan injina da R-12 suke aiki, gas ɗin da yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta sa aka daina yinsa saboda illar da yake yi wa sararin samaniya. Amurka ta daina sarrafa shi a ƙarshen 1995, ƙasashe masu tasowa kuma wa'adinsu ya cika a 2010. Sai ka ga sabon mai gyara ya ji injin bai yi sanyi ba, nan take ya huda bututu, ya saki gas ɗin a iska, ya ɗura R-134a, gas ɗin da ya maye gurbin R-12. Man da ke cikin tsohon kwamfuresa ba ya gauraya da R-134a, ba ya zagayawa ya dawo yadda ya kamata, bayan 'yan watanni injin ya cije. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne mai ɗura R-600a, gas ɗin sababbin firij, wanda ke kama wuta, a cikin injin da rile (ɗan makunnin da ke tayar da kwamfuresa) da fankarsa ke tartsatsi a fili. Sau da yawa ma gas ɗin na nan lafiya lau: rile ne ya mutu, ko fanka ta tsaya, ko ƙura ta toshe ragar da ke fitar da zafi. A fara da waɗannan. In injin na sanyi, kada a taɓa bututunsa. In kuwa ya mutu murus, sai a sa sabon kwamfuresa mai cin wutarmu tare da gas ɗin da ya dace da shi, a ajiye wa mai kaya tsohon a kwali.

Yanzu ga wani kuskuren da ke sa jinina tafasa: fenti. Mutum ya ga ja ya koɗe, ya ga ɗan tabon tsatsa a gindi, sai ya ce a kankare duka a fesa sabo ya riƙa sheƙi. Kai, tsaya tukuna! Wa ya gaya maka koɗaɗɗen fenti matacce ne? Ka wanke shi da ruwan ɗumi da sabulu mai laushi, ka goge da man goge fentin mota a wani ɓoyayyen gefe ka gani. Sau da yawa jan na nan a ƙarƙashin dattin shekaru. Masu tara irin waɗannan kaya da yawa sun fi son fentin asali mai ɗan tabo a kan sabon fenti da aka fesa ba bisa ƙa'ida ba, kuma fentin asali sau ɗaya ake kankare shi, ba ya dawowa.

In dai ya zama dole a sake fentin, to a kula da wanda za a ba. Na taɓa kai ƙofar wani injin wurin wani fanel-bita, na yi masa bayani har na gaji, ya ce in kwantar da hankalina, ai ya fi shekara ashirin yana aikin mota. Rubutun Coca-Cola da ke jikin ƙofar ba zane ba ne, bugawa aka yi ƙarfen ya taso. Bawan Allah ya sa injin gurza ƙarfe ya bi kan haruffan har suka lafe, inda ya huda kuma ya cike da bodi-fila. Da na je ɗauka murna yake, wai ya daidaita mini ƙofa ta yi sumul. Garin gyaran gira an rasa ido. Babu mai iya mayar da waɗannan haruffa, sai da na nemo wata ƙofar daga waje, kuɗin jirginta kaɗai ya cinye ribar aikin. Tun daga nan kan haruffa da hannuna nake bi da samfefa mai laushi, ba na bari inji ya kusance su. Haka masu fesa yashi da iska mai ƙarfi: ƙarfen jikin ba shi da kauri, in aka matsa masa sai ya bankare, bayan an yi fenti ka ga gefen yana tudu da kwari.

Kuma don Allah kada a gurji tsohon fenti a bushe a cikin gida. Fentin wancan zamani yana iya ƙunsar dalma, Amurka ma sai a 1978 ta hana sa ta a fentin gidaje. Wanda ya tuna abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ba sai an yi masa dogon bayani ba. A jiƙa wurin kafin a gurza, a sa abin rufe hanci na gaske, a yi aikin nesa da yara da wurin girki. Launin ma a bi na asali: na farkon shekarun 1950 ja ne gaba ɗaya, daga tsakiyar shekarun ne aka fara yin masu farin kai. Kada ka yi wa injin farin kai don kawai ka ga hotonsa a intanet ya burge ka.

Wajen wanke ciki ma ana ɓarna. Kostik soda tana cin alminiyam, asid kuma yana cinye tutiyar da aka lulluɓe ƙarfen ciki da ita, sai tsatsa ta samu ƙofa. Bilic yana yi wa ƙarfen da ba ya tsatsa ƙananan ramuka. Soson waya yana barin ɓurɓushinsa, bayan mako guda ka ga jajayen ɗigo ko'ina. Ruwan ɗumi, omo kaɗan, buroshi da haƙuri, shi ke nan abin da nake amfani da shi. Kada kuma a kai shi wurin wankin mota a feshe shi da ruwa mai ƙarfi, domin audugar gilashin da ke tsakanin bango da bango za ta sha ruwa ta riƙa cin ƙarfen daga ciki. In injin na wari duk da an wanke, audugar ce: ɓeraye sun yi gida a ciki. A ciro ta da safar hannu a sa sabuwa.

Na'urar karɓar kuɗi kuwa ba a zuba mata mai. Ban san sau nawa zan faɗi wannan ba. Tana tantance tsabar kuɗi ne ta nauyi da faɗi da maganaɗisu, kuɗin yana gangarawa da kansa. Ka zuba mai ko giris, ƙurar hunturu ta zauna a kai, kuɗi ya maƙale. A ciro ta, a wanke da ruwan sabulu, a busar sarai, a mayar. Kada a sa zarto a faɗaɗa bakinta don ta karɓi wani kuɗi daban. Senti biyar ko senti goma aka yi ta dominsu; a nemo 'yan tsabar Amurka a ajiye a kwano kusa da injin, ko a saita shi ya riƙa bayarwa kyauta ta hanyar da za a iya warwarewa gobe.

Kwalba ma haka. Har zuwa 1955 kwalbar Coca-Cola a Amurka girma ɗaya ce, oza shida da rabi, wato bai kai santilita 20 ba. Tamu ta santilita 35 ta fi ta tsawo da kauri. Vendo 81 yana da kantoci tara da ake iya matsawa, yana karɓar kwalabe iri-iri, amma ƙananan irin su Vendo 44 ba su da wannan sararin. Na ga wanda ya yanke kantocin da injin walda don kwalbarmu ta shiga. A nemi ƙaramar kwalbar da ta dace, a bar ƙarfen yadda yake.

Sauran ƙanana ne, amma suna cizo. Kada a fasa makulli da sukurudireba, mai gyaran makulli zai buɗe shi ba tare da ya lotsa ƙofa ba. Kada a fesa fenti a kan ɗan farantin da ke ɗauke da lambar injin, shi ne shaidar samfurinsa, da shi ake yin odar kaya. A ɗauki hoto da waya kafin a kwance kowane abu, notuna kuma a zuba su a leda a rubuta inda aka ciro su, domin awonsu na inci ne, sifanarmu ta milimita tana cinye musu kai. Robar ƙofa in ta bushe a sauya ta, in ba haka ba kwamfuresa zai yi ta aiki ba hutu. A zura waya a bututun da ke zubar da ruwa a tabbatar bai toshe ba, don ruwan da ke kwanciya a ƙasa shi ke cinye gindin yawancin injinan nan. In an gama, a ajiye shi a inuwa, a bar tazarar taki guda tsakaninsa da bango, kuma in an ɗauke wuta aka dawo da ita a jira minti biyar kafin a sake kunna shi.